Yatsa Uku a Ƙarƙashin Totur

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da gidan Ba-Jira, ita ma ba doguwa ba ce. In ya yi atishawa ni ke ce masa sannu, in matarsa ta ƙona girki mu ke fara sani. Ni kafinta ne. Rumfata tana ƙofar gida, daidai inda yake ajiye babbar motarsa ta tare min iska da rabin masu ciniki. Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka, don haka in na ce na san mutumin nan, ba a bakin wani na ji ba.

Sunan a hanya ya tsince shi. Da farko mai faci ne a bakin titi, yana manne tayoyin mutane yana kallonsu suna tafiya suna barinsa. Da ya samu ya koyi tuƙi, sai ya zama kamar ɗan akuyan da ya tsinke daga turke. Shekara ashirin da biyu yana jan motocin wasu, bai taɓa yarda ya daɗe yana kallon bayan wata mota ba. In direbobi sun zauna cin abinci, shi a tsaye yake ci. In an ce masa, “Dakata mu tafi tare,” sai ya ce, “Ba jira.” Shi ke nan, suna ya manne.

Allah ya tsare shi, bai taɓa kai kowa ƙasa ba. Na faɗi wannan ne don kada a ɗauka wani haɗari ne ya sanyaya masa jiki daga baya. Ba haɗari ba ne. Man mota ne.

Shekara biyu da suka wuce ya sayar da gonar da ya gada, ya haɗa da abin da ya tara, ya sayi mota tasa ta kansa. Tsohuwa ce, ta girmi ’yan biyunsa, ’yan matan nan nasa da ke makaranta, amma injinta da sauran rai. Ni na yi mata bodin katako. Ranar da na buga ƙusar ƙarshe ya zagaya ta sau uku yana shafawa, sai da na ce, “Maƙwabci, sassauta, fentin bai bushe ba.”

To, mota ba lodi ai tarin ƙarfe ce. Lodinsa na gaske daga hannun yayan matarsa yake zuwa, wani dillalin tumatir da kowa ke kira Mai-Kwando. In lokacin tumatir ya kama, sau biyu a mako ake lodi da sassafe a wajen manoma, a nufi wata babbar kasuwa mai nisa. Dokar kasuwar ɗaya ce. Motar da ta shiga kafin la’asar ita ke tarar da manyan masu saye. Wadda ta makara, tumatirinta zai kwana a kwando, ya wayi gari yana hawaye, a saye shi a wulaƙance. Mai-Kwando bai ba Ba-Jira lodin nan don zumunci kaɗai ba, ya ba shi ne don ƙafarsa. Lodin shi ke riƙe da motar, motar kuma ita ke riƙe da gidan, tunda gona ta riga ta tafi.

Abin ya faro ne bayan tumatirin bara ya wuce. Injin ya fara hayaƙi, bakanike ya sauke shi ya sake haɗawa, ya ja masa kunne. Ya ce tafiya biyun farko a lallaɓa, in ya taka shi ya fasa kada ya dawo masa. Haka Ba-Jira ya ɗauki buhunan siminti ya tafi yana rarrafe, ransa a ɓace.

Mitar man motar ta mutu tun a hannun mai ita na farko, da sanda yake awo. Ya dawo da yamma ina gyaran ƙafar wani tebur, na ga ya tsoma sanda a tanki ya zaro. Ya duba, ya goge a wando, ya sake tsomawa. Sau uku.

“Kafinta, zo ka gani, ko idona ne.”

“An yi maka sata?”

“An yi min ƙari.”

“To wannan ɓarawon, don Allah ka nuna masa gidana.”

Bai yi dariya ba. Man da ya rage ya haura inda ya saba tsayawa da fiye da rabin taƙi, alhali hanyar ita ce, kayan su ne. Ya zo ya zauna a bencina da sandar a hannu, dizal yana ɗiga a kan dusar katako.

Ya ce, “Shekara ashirin da biyu, Kafinta. Ka san tanki nawa na watsa wa iska?”

Na ce, “Ai ba naka ba ne.”

“Shi ya sa ban taɓa ji ba. Ƙafa tawa, mai na wani.”

Da ya dawo daga tafiya ta biyu, sandar ta sake faɗin abin da ta faɗa. Ranar ya yi min wani bayani da har yau nake juya shi. Ya ce iska ba ta nan sai ka yi gudu. In kana tafiya a hankali sai ta kauce ta ba ka hanya. In ka taka, sai ta tsaya maka a gaba kamar bango, kai kuma kana sayen mai da guminka kana ture ta. Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma na san katako. In ka matsa wa zarto, ba sauri yake ƙarawa ba, haƙoransa yake ci.

Daga nan ya ƙudurta zai riƙa tafiya a hankali. Ƙudurin bai kai mako biyu ba. Wata rana da hantsi sai ga shi a rumfata yana sosa ƙeya.

“Zuciyata ta yarda, ƙafar ce ba ta ji ba. Da wani ya wuce ni ya danna hon, kafin in farga ta nutse har ƙasa.”

“A sare ta mana. Ga zarto.”

“Bar wasa. Katako nake so ka yanko min, mai ƙarfi, in sa a ƙarƙashin totur. In ƙafar ta zo nan ta tsaya ko ta ƙi ko ta so.”

“Kaurin nawa?”

“Yatsa uku.”

Ya faɗa yana tafiya, ni kuma na aza yatsuna uku a kan katako na ja layi. Ga inda aka yi kuskuren. Yatsun Ba-Jira sirara ne, sitiyari kawai suka sani. Nawa kuwa shekara talatin suna shan guduma, kowanne ya yi kaurin rogo. Uku nawa sun kusa biyar nasa. Don in nuna ƙwarewa kuma sai na ɗaure katakon da ƙusa mai zare, ta yadda ko girgizar hanya ba za ta motsa shi ba.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya lafiya lau aka tafi. Sai da ya kai wani dogon hawa da siminti cike a baya, mota ta nemi ƙarfi, ya taka ya ji katako. Ya rage giya, ya sake ragewa, har ya kai ta farko, motar tana nishi kamar saniya a turmutsutsu. Ya ce wani dattijo a kan keke ya iso shi, ya yi masa sallama ta taga, ya tambaye shi iyali, sannan ya wuce. Dole ya tsaya ya sa dutse a bayan taya, ya kwanta a ƙasan kujera yana kwance ƙusata da bakin cokali.

Da ya dawo bai ko shiga gida ba.

“Yatsan wa ka auna?”

“Ka ce uku, ba ka ce na wa ba.”

Ya kama hannuna ya aza kusa da nasa, ya dubi nawa ya dubi nasa. Sai dariya ta ƙwace masa, har matarsa ta leƙo ta katanga tana tambayar ko lafiya. Na rage katakon daidai da yatsunsa, na huda shi, muka zura igiya ya rataye a ƙarƙashin sitiyari. In ya zo hawa, ko wani abu ya taso da sai an tsere masa, ya fizge igiyar. In an wuce, ya mayar da katakon da diddige.

Labari bai kwana ba ya kai tasha. Direbobi suka cire masa Ba suka sa masa A, ya koma A-Jira. In za su wuce shi a hanya sai su leƙo su ce, “Sannu da hutawa!” Ni ma ban bar shi ba. In ya tashi tafiya nakan ce ya tafi da reza, gemu zai tsiro kafin ya isa.

Amma ina ganin abin da nake gani. Tayoyinsa suka daina cinyewa kamar dā. Bakanike ya fara aiko masa da gaisuwa don ya daɗe bai gan shi ba. Yana dawowa a makare, amma ba da jajayen idon nan da yake dawowa da su a dā ba. Ya ce akwai wata makaranta a gefen hanya mai bishiyoyin mangwaro a tsakar gidanta, shekara ashirin da biyu yana wuce ta bai taɓa sanin tana nan ba. A ɗaya gefen kuma, tafiyar da wasu ke yi sau uku a mako shi sau biyu yake yi, kuma akwai lodin da ya kuɓuce masa don mai kayan ya ji sabon sunansa. Ban ce duk riba ba ce.

Sai tumatirin bana ya kama.

Tafiyar farko ya shiga kasuwa bayan la’asar. Mai-Kwando ya ɗauka taya ce ta fashe. Tafiya ta biyu ma haka. Washegari sai ga Mai-Kwando a unguwarmu da tsakar rana, yana tafe yana fifita da hula. Mutum ne gajere mai tumbi, muryarsa kuma ta kasuwa ce, ko raɗa ya yi sai an ji a layi na gaba. Ya tarar da Ba-Jira a bencina.

“Ina katakon?”

“Sannu da zuwa, Yaya. Shiga ciki mana.”

“Ba shiga na zo yi ba. An ce ka sa wa motarka takunkumi. Kwando arba’in na zubar wa awaki a mako guda, ashe wani guntun itace ne ke cin dukiyata.” Ya juyo kaina. “Kai ne ka yanka, ko?”

Na ce, “Ni awo kawai aka ba ni, shi ma ban yi daidai ba.”

Ba-Jira ya yi masa bayanin sanda da iska da taya, a hankali, da ladabi. Mai-Kwando ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce abin da ya sa ni kaina na ajiye guduma.

“Na ji. Ka rage mai, ban musa ba. Amma man nan da ka rage a tankinka, ka san daga ina yake fitowa? Daga kwandona. Kai kana tsoma sanda kana murmushi, ni ina tsoma hannu a ruɓaɓɓen tumatir. Ana cewa sannu ba ta hana zuwa, amma ka ƙarasa maganar mana. Sai dai a daɗe ba a je ba. Siminti zai jira ka, tumatir bai san kai surukina ba ne.”

Ba-Jira ya sunkuyar da kai. Gaskiya ce, kuma ya san gaskiya ce.

Matarsa ta fito da ruwa a kofi ta miƙa wa yayanta. Mace ce mai ƙarancin magana a gaban mutane, duk da a cikin gida katanga ta shaida ba haka ba ne. Ta ce, “Yaya, sha ruwa tukuna.”

Ya sha, ya mayar mata da kofin. “Ki gaya wa mijinki. Jibi akwai lodi, kuma da ni za a tafi. In mun shiga kafin la’asar, lodi nasa ne har ƙarshen kaka. In ba haka ba, motoci ba su ƙare a tasha ba.”

Dama ina son zuwa garin da kasuwar take sayen fallayen katako, sai na ce a rage min hanya. Gaskiyar magana, ba katakon ne ya fi damuna ba, kallo nake so.

Aka gama lodi rana ta ɗan ɗago. Muka shiga mu uku, ni a tsakiya kamar nama a tsinke, gwiwata tana karo da giya. Kafin a tada mota Mai-Kwando ya sunkuya ta kan cinyata da ƙyar, ya jawo igiyar, ya ɗauki katakon ya cusa a aljihun rigarsa.

“Bismillah. Mu ga Ba-Jiran da na sani.”

Muka hau titi. Ni idona yana kan ƙafar Ba-Jira. Ta sauka, ta sauka, sai ta tsaya a sama, daidai inda katakon yake tsayar da ita, ba komai a ƙarƙashinta. Wata shida sun koya mata abin da zuciya ta kasa koya mata.

Mai-Kwando ya ce, “Me kake jira? Taka!”

Ya taka.

Ban taɓa shiga motarsa yana gudu ba sai ranar. Injin ya canza murya, bishiyoyi suka fara haɗewa da juna. Na riƙe kujera da hannu biyu ina karanto duk addu’ar da na iya, har da ta shiga kasuwa. Amma da na saci kallon fuskarsa, sai na ga wani mutum daban. Kafaɗunsa sun sauka, idonsa ya buɗe, yana karanta hanya tun daga nesa, yana kauce wa rami kafin ni in gan shi. Ya wuce mota ɗaya, ya wuce biyu. Ta ukun ta wani ce daga cikin masu ce masa sannu da hutawa. Ba-Jira bai ko dube shi ba, ya dai danna hon sau ɗaya, gajere, yana murmushin da ban ga irinsa ba tun ranar da na gama masa bodi.

A nan na gane abin da ban gane ba duk watannin nan da nake tsokanarsa. Ni na ɗauka rowar mai ce kawai. Ashe mutumin nan abin da ya fi iyawa a duniya, abin da ya ba shi suna, shi ya ɗaure da igiya ya rataye a ƙarƙashin sitiyari, kullum yana kallonsa.

Muka shiga kasuwa rana tana tsaka da zafi, ko alamar la’asar babu. Masu saye suka yanyame motar tun ba ta gama tsayawa ba. Kafin in je in zaɓo katakona in dawo, bodi ya zama wayam. Mai-Kwando yana ta washe baki, ya saya mana abinci da lemo mai sanyi, yana bubbuga bayan surukinsa.

“Ka gani? Wannan shi ne aiki. Kowa ya ci zomo ai ya ci gudu.”

Washegari da muka dawo gida, Ba-Jira ya tsoma sanda. Bai kira ni ba wannan karon, ni na je da kaina. Man ya koma tsohon wurinsa, har ya ɗan gota ƙasa. Ya zagaya ya dafa tayoyin baya, ya tsaya a kan ɗaya yana bin ta da babban yatsa.

Na ce, “To, Maƙwabci, wa ya yi gaskiya?”

“Shi ya yi gaskiya. Ni ma na yi.”

“Ai ba a yin haka. Ko a kotu sai ɗaya ya faɗi.”

“To ai shi ne. Sai ɗaya ya faɗi.”

Da yamma Mai-Kwando ya zo da fara’arsa, ya ajiye katakon a kan bencina, ya ce in yi ƙafar kujera da shi. Ba-Jira ya bari ya zauna, sannan ya ce, “Yaya, gudun nan zan iya yi maka, ka gani da idonka. Amma gudu abin sayarwa ne, da mai ake yinsa. Ka ƙara min jarka biyu a kowace tafiya, in shigar maka da kaya kafin azahar ma.”

Fara’ar ta ɗauke. “In ƙara? A kan me? Ga motoci can a tasha, kuɗin da nake ba ka shi zan ba su, su yi gudun ba su ce min uffan ba.”

“Yawancinsu direbobin haya ne, man mai mota suke ƙonawa. Ni ma na yi, na sani. Masu motar kansu da ke yi kuwa, ka ƙirga min nawa ne motarsu ta kai shekara uku a hannunsu.”

“Wannan ba matsalata ba ce. Ni ma ba ni na sa wa tumatir farashi ba. In na ƙara maka, wa zai ƙara min?”

Nan ma gaskiya ya faɗa. Na daɗe ina lura, rigimar da ta fi wuyar rabawa ita ce wadda ba maƙaryaci a ciki.

Matar Ba-Jira tana tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu. Yayanta ya juya gare ta. “Ke ba za ki yi magana ba? Abincin ’ya’yanki yake wasa da shi.”

Ta ce, “Yaya, ba na son asararka, Allah ya sani. Amma tumatir in ya lalace bana, baɗi wani zai tsiro. Motar nan in ta tafi, ba ta da daminar da za ta dawo da ita. Gonarmu ce a kan taya.”

Mai-Kwando ya dube ta. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. “Shi ke nan. Kun zaɓa.” Ya tafi ko sallama babu.

Ba-Jira bai yi fushi ba. Washegari da kansa ya je tasha ya nemo wani direba da ya yarda da hannunsa, mai sauri amma mai hankali, ya aika shi wajen yayan matarsa. Har ya gaya masa yadda ake jera kwandunan don na ƙasa kada su matse, da wace gada ce ake rage gudu kafin a hau ta. Na ce masa, “Kai ne mutum na farko da na gani an kore shi ya nemo wa kansa magaji.” Ya ce tumatirin ai ba shi ya yi masa laifi ba.

Daga nan motar ta zauna. Kwana tara tana ƙofar rumfata, har kaji suka fara kwana a ƙarƙashinta. Kullum da safe zai je tasha, ya dawo da azahar hannu wofi, don a lokacin tumatir duk mai kaya sauri yake nema. Na daina tsokanarsa, shi kuma hakan ya fi ba shi haushi. Ya ce, “Kafinta, ba mutuwa aka yi ba, ka ci gaba da iskancinka.” Ta katanga kuma na lura tukunyarsu ta daina ƙamshin nama. Wata rana na same shi zaune a cikin motar, inji a kashe, hannu a kan sitiyari. Na tambaye shi ko ya yi nadama.

Ya ce, “Da safe ina yi. Da yamma ba na yi. Ka tambaye ni in kaka ta wuce.”

A rana ta goma ya samu lodin bulo zuwa wani ƙauye, daga baya na buhunan gishiri. Kayan da ba su san agogo ba, kamar yadda yake ce musu. Ana ci, amma ba kamar dā ba. Mai-Kwando kuwa mako biyar bai taka unguwarmu ba, shi da ba ya kwana uku bai leƙo ƙanwarsa ba. Ita kuwa duk sallamar da aka yi a ƙofa takan fito da sauri fiye da yadda ta saba.

Shekaranjiya da la’asar sai ga shi. Ba-Jira yana zaune a bencina, tsakaninsu bai fi taku biyu ba, amma ni ya fuskanta.

“Kafinta, ka gaya wa maƙwabcinka, akwai kwanduna wofi sun taru min a kasuwa, wajen ɗari huɗu. Ana so a mayar wa manoma, duk mako. Direbobin sauri sun ce ba su ɗaukar wofi.”

Na juya. “Maƙwabci, an ce in gaya maka…”

“Na ji.”

A wajen direbobi, ɗaukar kwandon wofi aikin wanda ya rasa ne, kuɗinsa bai kai rabin na tumatir ba. Wannan Mai-Kwando ya sani, Ba-Jira ya sani, ni ma da ba direba ba na sani. Zagi ne da taimako a kwano ɗaya, kuma ba yadda za ka ci ɗaya ka bar ɗaya. 

Ba-Jira ya ce, “Kafinta, tambaye shi, su ma kafin la’asar ake son su?”

Mai-Kwando ya tura hula gaba. “Gaya masa kwandon wofi ba ya ruɓewa. Ko da jaki ya ga dama ya kai su.”

“Gaya masa a jera min su baki cikin baki, a ɗaure goma-goma. Ba zan tsaya tsintar kwando a titi ba.”

“Gaya masa ba yau na fara sana’a ba.”

Na ce, “Ku biyun nan, in aiken zai yi yawa sai an biya ni kuɗin mota.”

Ba wanda ya kula ni. Ba-Jira ya miƙe ya zagaya bayan motarsa yana duba igiyoyin ɗaure kaya. Mai-Kwando ya tsaya yana kallon ƙofar gidan ƙanwarsa, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, kamar mai shirin tsallake kwata. Sai muka ji muryarta daga ciki.

“Yaya, in tsayuwa ka zo yi, akwai inuwa a tsakar gida.”

Ya yi gyaran murya, ya dube ni kamar ni na yi maganar, sannan ya sunkuya ya cire takalmansa ya shiga.